Ɗalibin Kimiyya da Sana'ar Nazarin Hannun Jari: Darasi Daga Samaru da Sabon Gari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Samaru da safe yana jiran mota ya san kiran da yaran mota suke yi: Kwangila, PZ, Sabon Gari. Sunan PZ ya zauna a bakin mutanen Zariya har ya zama kamar sunan unguwar gado, alhali kuwa haruffa biyu ne daga sunan wani kamfanin ciniki, watau Paterson Zochonis, wanda ya buɗe reshe a Nijeriya tun 1899, ya kuma kafa kanti a wannan wuri a zamanin Turawa, lokacin da jirgin ƙasa ya mai da Sabon Gari matattarar fatake. Kamfanin yana nan da ransa da sunan PZ Cussons, yana yin sabulu da man shafawa, kuma hannun jarinsa yana cikin waɗanda ake saye da sayarwa a kasuwar hannun jari ta Nijeriya. Ke nan yaron motar da ke kiran sunan nan sau ɗari a wuni, in ya ga dama, zai iya mallakar ɗan yanki na kamfanin da kuɗin da bai kai na buhun masara ba.

To, amma wa zai gaya masa ko sayen ya dace? Wa zai zauna ya duba littattafan kamfanin, ya auna ribarsa da bashinsa, ya ce farashin ya yi tsada ko ya yi araha? Akwai mutumin da wannan shi ne aikinsa tun safe har dare, ana kiransa manazarcin hannun jari. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ɗalibin da ya ƙoshi da kimiyya yana cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan sana'a, kuma yaron Zariya yana da makarantu biyu a ƙofar gidansa, Samaru da Sabon Gari, waɗanda za su iya horar da shi tun bai gama sakandare ba. Abin takaicin kawai shi ne, ba kasafai ake ambata masa sana'ar ba balle ya yi sha'awarta.

Mene ne Aikin Manazarci?

Hannun jari dai yanki ne na mallakar kamfani. Idan aka kasa kamfani kashi miliyan 100, wanda ya sayi kashi 1,000 ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin gwargwadon abin da ya saya. In an ci riba aka raba, za a ba shi rabonsa. In kuwa aka faɗi, darajar abin da ke hannunsa ta ragu. An kafa kasuwar wannan ciniki a birnin Ikko cikin 1960, ta fara aiki a 1961 da takardun jari 19 kacal. Ta buɗe reshe a Kaduna cikin 1978, wani kuma a Kano cikin 1989. Tun daga 2021 ake kiranta NGX a taƙaice. Manyan kamfanonin da kayansu suka cika kantunan Sabon Gari suna cikinta: Dangote Sugar ya shiga a 2007, Dangote Cement a 2010, MTN a 2019, BUA Cement a 2020, sai BUA Foods a 2022.

Doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke cikin kasuwar ya bayyana lissafinsa bayan kowane wata uku, a ƙarshen shekara kuma ya fito da cikakken rahoto wanda masu binciken kuɗi suka tantance. Waɗannan rahotanni su ne abincin manazarci. Yakan duba bayanai uku a cikinsu: bayanin riba da asara, bayanin kadara da bashi, da kuma bayanin shige da ficen tsabar kuɗi. Daga nan sai ya yi hasashen abin da kamfanin zai samu baɗi da baɗin baɗaɗa, ya ƙiyasta darajar da ta dace da hannun jarinsa, ya rubuta rahoto yana ba da shawarar a saya, ko a riƙe, ko a sayar.

Masu wannan aiki kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke aiki a kamfanonin dillancin hannun jari, suna rubuta rahoto domin abokan ciniki. Akwai kuma waɗanda ke aiki a wurin masu juya dukiyar jama'a, kamar kamfanonin inshora da masu kula da asusun fansho. A nan ne maganar ta shafi malamin makaranta kai tsaye, domin tun bayan dokar fansho ta 2004 ake yankar wani abu daga albashin ma'aikata da yawa ana tarawa, kuma tarin ya haura naira tiriliyan 20 a cikin 2024. Wani kaso na wannan dukiya a hannun jari aka zuba shi. Saboda haka ko malami bai taɓa ganin takardar jari da idonsa ba, wani ɓangare na tuwon tsufansa ya rataya a kan ƙwarewa da amanar wani manazarci da bai san shi ba.

Darussan Samaru

Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962. Duk wanda ya lura da yadda ake aiki a filayen gwajin cibiyar zai ga cewa ba a fitar da sabon iri ga manoma don ya yi kyau a fili ɗaya cikin damina ɗaya. Sai an shuka shi a wurare daban-daban, an maimaita, an kwatanta shi da tsohon iri da aka shuka kusa da shi, an auna amfanin da sikeli. Haka aka yi wa waken nan mai jure tsutsar ƙwanso, SAMPEA 20-T, kafin a sake shi a 2019. Wannan ɗabi'a ta ƙin yarda da magana sai an gwada, ita ce babban jarin manazarci. Shugaban kamfani zai ce bana kasuwa ta yi kyau, aikin manazarci shi ne ya nemi sikelin da zai auna maganar.

Akwai wata ƙa'ida da ake koya wa ɗalibai a ilmin tsirrai, wadda masanin nan Bajamushe Justus von Liebig ya yayata a ƙarni na 19. Ƙa'idar ta ce, abin da ya fi ƙaranci daga cikin bukatun tsiro shi ke yanke masa iyakar girma. In ƙasa ta rasa sinadari guda, ko an tula mata sauran taki ba za ta ba da amfani ba. Akan kwatanta wannan da ganga mai allunan da ba su yi tsawo ɗaya ba, ruwa yakan zube ne ta wajen allon da ya fi gajarta. Kamfani ma haka yake. Wani gajeren allonsa alkama ce, wani wutar lantarki, wani kuma dalar Amurka.

A ƙaddara akwai wani kamfanin fulawa da ke sayar da kayan naira miliyan 10,000 a shekara. Alkama ta ci miliyan 7,000, albashi da wuta da sufuri suka ci miliyan 2,000, riba ta tashi miliyan 1,000. Idan farashin alkama ya tashi da kashi 10 cikin 100 kawai, kuma kamfanin ya kasa ƙara kuɗin fulawarsa, kuɗin alkama zai koma miliyan 7,700, riba ta sauko miliyan 300. Ƙarin kashi 10 a wuri ɗaya ya cinye kashi 70 na riba. Wannan misali ne na allo, amma an ga irinsa a zahiri. Nijeriya daga waje take sayo mafi yawan alkamar da take ci, don haka tashin farashin da yaƙin Rasha da Yukren ya haddasa a 2022 ya iso har teburin mai shayi a Samaru. Haka nan da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, kamfanoni masu bashin dala suka sha kashi. MTN da Nestlé sun bayyana asara a lissafin wannan shekara duk da cewa cinikinsu ya ƙaru, PZ ma bai tsira ba. Manazarcin da ya gane gajeren allon kowannensu tun da wuri bai yi mamaki ba.

Darasi na biyu shi ne na yaɗuwar ƙwayoyin halitta. Idan aka sa ƙwayoyin bakteriya a cikin kwalba mai abinci, sukan fara ninkuwa da sauri, sa'an nan yaɗuwar ta lafa yayin da abinci ya ragu, wuri ya yi musu kaɗan. In aka zana wannan a takarda sai ya ba da siffar harafin S. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai miliyan ɗaya ba. Daga baya suka haura miliyan 150. Wanda bai san siffar S ba zai ɗauka ninkuwar nan ba ta da ƙarshe, ya sayi hannun jari da tsada a kan wannan zato. Ɗalibin ilmin halittu kuwa ya san kowace kwalba tana da iyaka, sai ya tambaya: bayan kowa ya mallaki layi, ta ina sabuwar riba za ta fito?

Darasi na uku shi ne na ƙwari da cututtuka. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji, tsakanin Zariya da Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka ga wannan nau'i nata a Afirka. Wanda ya san yadda cutar ke yaɗuwa zai hango cewa masu sayar da abincin kaji za su rasa ciniki, masarar da suke saya kuma ta rasa masaya. A 2016 tsutsar tumatir, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta cinye gonaki a Kaduna da Kano, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki watanni kaɗan bayan buɗe ta saboda rashin tumatir. Ba a rubuta sunan wannan tsutsa a cikin littafin akanta ba, amma ita ta tsai da injuna. Haka abin yake a sauran fannoni. Mai ilmin duwatsu ya fi kowa sanin darajar dutsen farar ƙasa na Kalambaina da Obajana da Ashaka inda ake yin siminti, mai ilmin haɗa magunguna kuma ya fi fahimtar abin da kamfanoni irin su Fidson da May & Baker suke sarrafawa.

Darussan Sabon Gari

Malam Bahaushe ya ce, gani ya kori ji. Rahoton kamfani labari ne na abin da ya riga ya wuce, yakan fito makonni bayan an gama cinikin. Amma buhun sukari da katon ɗin taliya a kasuwa ake ganin tafiyarsu kowace rana. Manyan manazarta a Amurka da Ingila sukan kashe kuɗi mai yawa don su san abin da ke gudana a kantuna kafin rahoto ya fito. Yaron da mahaifinsa ke da rumfa a kasuwar Sabon Gari yana ganin wannan kyauta, sai dai ba a koya masa ya rubuta ba.

A darasin nazarin muhalli akan ba ɗalibai wani katako mai kusurwa huɗu su jefa a fili, su ƙirga tsirran da suka faɗo cikinsa, su maimaita sau da yawa, sa'an nan su ƙiyasta yawan tsirran filin baki ɗaya. Wannan dabara ce za a ɗauka a kai kasuwa. Ɗalibi ya zaɓi shaguna 20 a layuka daban-daban, ya riƙa zuwa rana ɗaya a kowane mako, yana rubuta farashin sukari da fulawa da taliya da sabulu da siminti, da sunan kamfanin da kayansa suka fi tafiya, da wanda ya yi ƙaranci. Zai koyi cewa in ya tambayi shagunan 'yan'uwansa kaɗai sakamakon zai karkata, kamar wanda ya jefa katakonsa a gindin itace kullum. Zai ga yadda sukari ke tashi gab da azumi, da yadda cinikin siminti ke ja baya in damina ta yi tsakiya. Zai kuma ga yadda kamfani ke rage girman ƙullin kaya ya bar farashi yadda yake, abin da ke nuna cewa aljihun masu saye ya yi rauni.

Bayan wata uku, idan rahoton kamfanin ya fito, sai ɗalibin ya kwatanta shi da abin da ke cikin littafinsa. In sun dace, ya sami ƙarfin gwiwa. In sun saɓa, ya sami tambaya, tambaya kuwa ita ce mafarin bincike. Wataƙila Zariya ba ta wakiltar sauran ƙasa, wataƙila kuma kamfanin ya tura kaya ga manyan diloli ne bisa bashi, kayan suna jibge a sito ba su kai ga masu ci ba. Wanda ya yi shekara biyu yana wannan aiki ya riga ya fara sana'ar, ko da ba a ba shi albashi ba.

Matakan Shiga Sana'ar

Mataki na farko a sakandare yake. Lissafi da Turanci su ne ginshiƙai, domin yinin manazarci tsakanin alƙaluma da rubutu yake ƙarewa. Ɗalibin ajin kimiyya da ya sami damar haɗawa da darasin tattalin arziki, kada ya bari ta wuce shi. Ya kuma koyi amfani da manhajar jadawalin lissafi ta kwamfuta, irin su Excel, har hannunsa ya faɗa, domin ita ce fartanyar wannan gona.

Mataki na biyu shi ne digiri mai kyau a fannin da mutum ya fi ƙauna. Ba dole ne ya zama na akanta ko na tattalin arziki ba. Amma wajibi ne a faɗi gaskiya: ilmin kimiyya kaɗai ba ya isa. Dole ɗalibi ya koyi karatun lissafin kamfani kamar yadda ya koyi amfani da madubin ƙara girma. Rahotannin kamfanoni suna nan kyauta a shafin intanet na kasuwar da na kamfanonin kansu. Ya zaɓi kamfani ɗaya, ya karanta rahotanninsa na shekara biyar a jere, har da ƙananan bayanan da ke can ƙarshe, domin a nan akan ɓoye bashin dala da sharuɗɗansa.

Mataki na uku shi ne jarrabawar ƙwarewa. A gida akwai Cibiyar Ƙwararrun Dillalan Hannun Jari, watau CIS, wadda doka ta tabbatar a 1992. Akwai kuma ƙungiyoyin akantoci biyu, ICAN da ANAN. A duniya kuwa, shaidar da ta fi suna a wannan fage ita ce CFA, wadda aka fara jarrabawarta a Amurka cikin 1963. Matakai uku gare ta, kowanne yana bukatar karatun kimanin sa'a 300, kuma ba a ba da shaidar sai mutum ya haɗa da aikin sa'a 4,000 a cikin aƙalla shekara uku. Ba ta tambayar fannin da mutum ya yi digiri. Matsalarta ita ce da dala ake biya, kuɗin kuma yana da nauyi ƙwarai ga ɗan talaka, ko da yake cibiyar da ke shirya ta tana da tsarin tallafi da ake nema a rubuce. Hikima ita ce a fara da ta gida, a bar ta waje sai an sami aiki.

Mataki na huɗu, wanda ya fi sauran tasiri a gaban masu ɗaukar aiki, shi ne mutum ya zo da aikin hannunsa. Ya rubuta rahoto mai shafi uku ko huɗu a kan kamfani guda: abin da yake sayarwa, gajeren allonsa, hasashen ribarsa, darajar da ta dace da shi, da abin da zai iya rushe hasashen. Ya sa kwanan wata, ya ajiye, bayan shekara ya dawo ya duba inda ya yi daidai da inda ya kuskure. Masu neman aiki da takardar digiri dubbai ne. Wanda ya zo da rahoto a hannu, haɗe da alƙaluman shekara biyu daga kasuwar da manazartan Ikko ba su taɓa takawa ba, ya zo da abin da sauran ba su da shi. Lokacin koyon aiki na ɗalibai da shekarar hidimar ƙasa su ne ƙofofin da ya kamata a nemi shiga ta cikinsu.

Ƙorafe-ƙorafen da Akan Yi

Wasu malamai za su ce, ƙasar da ke kukan ƙarancin likitoci da masana aikin gona ba ta da rarar ɗaliban kimiyya da za ta tura wa masu kuɗi. Wannan magana tana da nauyi. Amsarta ita ce, ba a ce kowa ya tafi ba. Kowace shekara jami'o'i suna yaye masu digirin ilmin halittu da na sinadarai fiye da guraben da ke ɗakunan gwaji, da yawansu kuma suna ƙarewa a ayyukan da ba su bukatar ko kaɗan daga abin da suka koya. Ƙari a kan haka, irin da aka samar a Samaru ba ya isa gona sai wani ya zuba jari a kamfanin iri, wanda zai zuba jarin kuma yana bukatar wanda ya fahimci irin ya yi masa bayani. Rashin masu fahimtar kimiyya a wajen da ake raba jari yana cikin dalilan da sakamakon bincike ke kwana a kan kanta.

Wasu za su ce aikin a Ikko yake, guraben kuma kaɗan ne. Wannan ma gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye wa yara ba. Mafi yawan kamfanonin a Ikko suke, kaɗan a Abuja, aikin yana da tsawon sa'o'i, albashin farko kuma bai kai yadda ake zato ba. Ga kuma manhajojin kwamfuta na zamani da ke iya karanta rahoto su taƙaita shi cikin daƙiƙoƙi, abin da ke rage bukatar masu kwafar alƙaluma. Sai dai manhaja ba ta zuwa Sabon Gari ta gaisa da mai shago ya gaya mata gaskiyar ciniki. Sa'an nan wanda ya koyi sana'ar bai sami gurbi a cikinta ba, bai yi asara ba, domin bankuna da kamfanonin sarrafa amfanin gona da hukumomin zuba jari na jihohi duk suna neman wanda ya iya auna kasuwanci.

Iyaye da yawa kuwa tambayarsu ita ce, shin wannan ba caca ba ce, ba kuma cin riba ba ne? Tambaya ce da ta cancanci amsa a natse. Malaman fiƙihu da dama na wannan zamani sun halatta mallakar hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, bisa sharuɗɗan da suka shafi yawan bashi mai ruwa da ke kansa. Tun 2012 kasuwar Nijeriya take da jerin kamfanonin da aka tace bisa waɗannan sharuɗɗa tare da kamfanin Lotus Capital. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, ya shiga kasuwar a 2017, a shekarar da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira miliyan dubu 100 domin gina hanyoyi. Wannan tacewa kanta aikin manazarci ne. Mai caca yana zuba kuɗi a kan abin da bai sani ba, manazarci kuwa an ɗauke shi aiki ne don ya rage rashin sani.

Akwai ƙorafi ɗaya da ya fi sauran ɗaci, watau na amana. Kamfanin da ke biyan manazarci albashi yana iya samun moriya idan aka yabi wani hannun jari. A 2003 hukumomin Amurka sun sa manyan kamfanonin kuɗi goma biyan kimanin dala miliyan 1,400 saboda irin wannan laifi. Manazarcin da ya yabi abin da ya san ruɓaɓɓe ne, daidai yake da mai binciken da ya ƙirƙiri sakamakon gwaji. Tarbiyyar ɗakin gwaji, wadda ke tilasta wa ɗalibi ya rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da yake so, ita ce rigakafin wannan cuta.

Farashin Rashin Sani

Bayan haɗewar bankuna ta 2005, wadda ta rage yawansu daga 89 zuwa 25, jama'a sun yi rububin sayen hannun jarinsu, wasu ma da bashin da bankunan suka ba su. Ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, sa'an nan ya rikito ƙasa da 20,000 a watan Maris na 2009. A watan Agusta na wannan shekara Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. Ma'aikata da 'yan kasuwa masu yawa sun yi asarar abin da suka daɗe suna tarawa, har wasu suka rantse ba su ba kasuwar. Kasuwar ta farfaɗo daga baya, ma'auninta ya wuce maki 100,000 a watan Janairu na 2024, ko da yake dole mai lissafi ya cire faɗuwar darajar naira kafin ya yi murna.

Waɗanda suka guji kasuwa mai doka kuma ba duka suka tsira ba. Tsarin MMM, wanda ya toshe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Ɗalibin da ya iya lissafin ninkuwar bakteriya zai gano cikin minti biyar cewa naira 100,000 za ta zama fiye da miliyan 2 a shekara guda, ta kuma haura miliyan 1,200 a shekara uku. Babu gona ko masana'antar da ke haihuwa haka. Duk da wannan, a watan Afrilu na 2025 wani tsarin mai suna CBEX ya sake rushewa da kuɗin jama'a. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma rashin wanda zai yi lissafi a cikin gida shi ke buɗe masa ƙofa.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ake bukata daga makarantu irin su Barewa da Alhudahuda da sauran sakandaren Zariya bai fi ƙarfinsu ba, ba ya kuma cin kuɗi. Malamin ilmin halittu da na lissafi da na tattalin arziki su haɗa kai su kafa ƙungiyar ɗalibai. Kowane rukuni ya ɗauki kamfani ɗaya da kayansa ke kasuwar Sabon Gari, ya riƙe littafin farashi, ya karanta rahoto, ya kāre hasashensa a gaban aji a ƙarshen zango. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba: kada a sa ko kwabo. Takarda da biro kawai, domin manufar ita ce koyon aunawa.

Masu ba ɗalibai shawara kan zaɓin sana'a kuma su faɗaɗa jerin da suke karanta wa ajin kimiyya, wanda ya daɗe yana tsayawa a kan likita da injiniya da mai haɗa magani. Daga cikin yara 40 da suka shiga irin wannan ƙungiya, mai yiwuwa ɗaya ko biyu ne za su zama manazarta. Sauran 38 ɗin za su fita da iya karanta takardar fanshon iyayensu, da iya cewa a'a ga mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Wanda ya dace kuwa, wata rana zai zauna a gaban shugabannin kamfani ya tambaye su dalilin da ya sa sabulunsu ya daina tafiya a PZ, kuma yana da alƙaluman da zai nuna.